Sifar Ingilishi «predominant»: tsakanin yawa da iko

Ƙamusun Ingilishi, irin su Merriam-Webster, suna ba sifar «predominant» ma'ana biyu: abin da ya fi ƙarfi ko tasiri, da abin da ya fi yawa. A cikin ƙamus ma'anonin a rabe suke, amma a rubuce-rubucen nazarin harshe da al'umma sau da yawa a cakuɗe muke tarar da su. Wannan cakuɗa ce muke suka a nan.

Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 daga Faransanci «prédominant». Asalinta Latin ne: ɗafa-goshi «prae», wato gaba, da aikatau «dominari», yin mulki, wanda ya fito daga «dominus», maigida, ɗan'uwan «domus», gida. Ke nan babu ƙidaya a cikin saiwar kalmar, iko ne zalla. Masu duban taurari na wancan zamani sun yi amfani da ita ga tauraron da tasirinsa ya danne na sauran, kuma da wannan ma'ana Shakespeare ya ɗora ta a kan tauraron Mars. Ma'anar yawa reshe ce da ta tsiro daga ta iko.

Mu ɗauki misalin Nijar. Daga 1960 zuwa 2025 Faransanci ne harshen hukuma, alhali Hausa ce ta fi yawan masu magana. Manazarcin da ya kira ɗaya daga cikinsu «predominant» bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗa mana ma'auninsa ba: ofis da kotu, ko kasuwa da gida? Tun da kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, tambayar ta ƙara nauyi. Mai magana da Zabarmanci, Fulfulde, Tamajak ko Barbarci yana iya jin danniya inda marubuci ƙidaya kawai yake nufi.

Fassara ta da «mai rinjaye» ba ta warware matsalar, domin rinjaye ma fuska biyu gare shi: na ƴan majalisa da na ƴan kokawa. Karin maganarmu kuwa ta bambanta sarkin yawa da sarkin ƙarfi. Don haka muna ba da shawarar mai fassara ya duba muhallin kalmar, ya zaɓi «mafi yawa» ko «mai iko», ya kuma ambaci fagen da ake magana a kansa.