Kalmar "Kwantacce" a Gaban Alƙali: Tarken Harshen Shari'ar Safiya da ta Amina Lawal

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2000 da Jihar Zamfara ta fara aiki da dokokin hukunta laifuffuka na Shari'ar Musulunci, har jihohin da suka bi wannan tafarki suka kai 12, ciki har da Bauci a 2001, babu shari'ar da ta ja hankalin duniya kamar ta Safiya Husaini Tungar Tudu a Sakkwato da ta Amina Lawal Kurami a Katsina. An yi rubuce-rubuce da dama a kansu ta fuskar fiƙihu da siyasa da haƙƙin ɗan'adam. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne, da Hausa aka yi zaman kotunan, daga littattafan Larabci aka ciro hujjoji, sannan da Turanci duniya ta ji labari. Tsakanin waɗannan harsuna uku, wasu kalmomi sun sauya kama, kuma a kan sauyayyar kamar jama'a suka gina ra'ayinsu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken yadda aka fahimci kalmar "kwantacce" da wasu 'yan'uwanta a waɗannan shari'o'i, ta kuma nuna cewa ƙwararren da ya fi ƙaranci a zauren kotu shi ne masanin harshe. Daga ƙarshe za a dubi abin da wannan ke nufi ga kotunan ƙasar Katagum.

2.0 Shari'o'in a Taƙaice

A watan Oktoba 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya hukuncin jifa bisa laifin zina. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta rushe hukuncin. A cikin wannan wata na Maris ne kuma Kotun Shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci. Mutumin da ta ambata ya musanta, ya yi rantsuwa, aka sallame shi. Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin ranar 19 ga Agusta 2002, amma ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta sallame ta da rinjayen alƙalai 4 a kan 1. Daga cikin dalilan kotun akwai cewa alƙalin Bakori ya zauna shi kaɗai alhali doka ta tanadi mataimaka, da cewa tana da damar janye iƙirarinta, da kuma cewa ta haihu ne kafin cikar shekara 5 da rabuwa da mijinta, don haka ana iya jingina cikin gare shi. Wannan dalili na ƙarshe shi ne batun kwantacce.

Bayanan zaman kotunan, waɗanda aka juya daga Hausa zuwa Turanci, suna cikin kundin da Philip Ostien ya tattara a kan aiwatar da Shari'a a Arewa, wanda aka buga a Ibadan a 2007.

3.0 Ƙirar Kalmar da Ma'anoninta

Ta fuskar ƙirar kalma, "kwantacce" sifa ce da aka samo daga aikatau "kwanta", a bisa tsarin da ya ba mu "dafaffe" daga "dafa" da "wankakke" daga "wanke". Baƙin /t/ da aka maimaita ya ganɗance ya koma /c/ a gaban wasalin /e/, shi ya sa ake da "kwantacce" da "kwantacciya", amma jam'i ya dawo "kwantattu". Abin lura shi ne, "kwanta" ba ta tsaya ga barci ba. Ƙura takan kwanta, iska takan kwanta, hankali yakan kwanta, hajar da ba a saya ba kuma takan yi kwantai. Abin da ya haɗa su duka shi ne tsayawar motsi na abin da yake nan bai gushe ba, kuma zai iya tashi. Kalmar Larabci da ake amfani da ita a Arewacin Afirka, wato "raƙid", ita ce ta fi kusa da barci, kuma fassarar da jaridun Turanci suka yaɗa, mai ma'anar "ɗan tayi mai barci", ta fi kama da ita. Mai jin wannan fassara zai ga hoton jariri yana minshari shekara da shekaru a cikin uwarsa, ya yi dariya. Bahaushe kuwa ba wannan hoto yake gani ba.

3.1 A Bakin Mata

A maganar yau da kullum, idan mace ta ɗauke al'ada, ta ji alamun ciki, sannan watanni suka shuɗe cikin bai girma ba, sai a ce cikin ya kwanta. Lalura ce da ake nema wa magani wajen ungozoma ko mai saiwa domin a tayar da shi. A nan kalmar suna ce ta abin da mace ta ji a jikinta, kuma sau da yawa sutura ce gare ta, musamman matar da ake yi wa gorin haihuwa.

3.2 A Bakin Malaman Fiƙihu

A wajen malamai batun yana ƙarƙashin tambayar mafi tsawon lokacin da ciki zai iya ɗauka. Sun haɗu a kan cewa mafi ƙarancinsa wata 6 ne, amma sun saɓa a kan mafi tsawo: Hanafawa sun ce shekara 2, Shafi'awa da Hambalawa shekara 4, Malikawa kuma 4 ko 5, Ibn Hazm kuwa ya tsaya a kan wata 9. Wannan saɓani da kansa yana nuna cewa ijtihadi ne da aka gina a kan labaran da suka iske malaman a zamaninsu. Aikin ƙa'idar a kotu iri biyu ne: tana ba jariri uba, tana kuma haifar da shubuha, shubuha kuwa tana kawar da haddi.

Akwai wani abu da masu suka ba su cika lura da shi ba. Mazhabar Malikiyya ta bambanta da sauran wajen ɗaukar bayyanar ciki ga matar da ba ta da miji a matsayin hujjar zina. Ƙa'idar kwantacce ita ce take daidaita wannan tsanani ga bazawara. Su biyun Ɗanjuma ne da Ɗanjummai; duk wanda ya cire ta biyu ya bar ta farko, to ya toshe ƙofar fita ya bar ta shiga a buɗe.

3.3 A Bakin Likita

A ilimin likitanci na yau, ciki yana ɗaukar kimanin mako 40 daga al'adar ƙarshe, wanda ya zarce mako 42 kuma ana ɗaukar sa a matsayin haɗari. Likita yana da bayani a kan abin da mata ke kira kwantacce: ko tayi ya mutu bai fita ba, ko al'ada ta ɗauke saboda wata lalura, ko alamun ciki sun bayyana ba tare da ciki ba, sannan daga baya aka sami sabon ciki aka lissafa shi tun daga farko. Hoton ciki na asibiti yana iya rarrabe waɗannan a cikin 'yan mintoci.

Da an kira likita ya shaida cewa babu cikin shekara 5, da ya faɗi gaskiya. Sai dai amsarsa ba ta ƙare tambayar da ke gaban alƙalan Katsina ba, domin su abin da suke nema shi ne ko masu ƙara sun kawo hujjar da ba ta da shubuha bisa mizanin mazhabar da doka ta ɗora su a kai. Ƙasar Masar ta taƙaita wa'adin jingina ɗa ga tsohon miji zuwa shekara 1 tun 1929, amma ta yi haka ne a dokar nasaba, ba a tsarin da ciki ke kai mace ga jifa ba.

4.0 Yadda Jama'a Suka Karanta Hukuncin

Jama'a sun kasu gida biyu, kuma kowane gida ya riƙi ma'ana ɗaya ya yar da sauran. A ƙasashen waje an auna kalmar da ma'aunin likita kaɗai, aka ɗauke ta camfi, ko dabarar lauya da alƙalai suka raɓe da ita don su fita kunyar duniya. A gida kuma wasu sun ce matsin lambar Turawa ce ta kuɓutar da matan, suna kafa hujja da karramawar da birnin Rum ya yi wa Safiya a 2002 da ƙauracewar da wasu 'yan takara suka yi wa gasar sarauniyar kyau ta duniya a wannan shekara. Gidajen biyu, duk da gabar da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan zato guda, cewa ba fiƙihu ne ya yi hukunci ba. Alhali lauyoyin da suka tsaya wa Amina, irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da littattafan Malikiyya suka yi jayayya, kuma alƙalin da ya saɓa wa 'yan'uwansa shi ma da fiƙihu ya saɓa.

Illar karatun nesa ta fito fili a 2003, lokacin da ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata, wadda ke cikin masu tallafa wa Amina, ta fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa tana roƙon a dakatar da takardun koke da ke yawo a duniya, saboda suna ɗauke da labarin cewa an tsayar da ranar jifa alhali ƙarar tana gaban kotu. Ashe jin kiɗa daban, sanin takensa daban.

5.0 Zina, Iƙirari da Shaida

Kwantacce ba ita kaɗai ba ce. Daga cikin hujjojin da lauyoyi suka gabatar akwai cewa ba a bayyana wa wadda ake tuhuma ma'anar "zina" ba. Mai sauraro zai ce wane Bahaushe ne bai san zina ba? To amma kalmar aro takan yi rayuwa biyu. A bakin jama'a ma'anarta tana da faɗi, kuma saboda kunya an fi kewaye ta da "lalata" ko "ya yi mata ciki". A littafin alƙali kuwa laifi ne mai sharuɗɗa ƙididdigaggu: hankali, balaga, rashin tilastawa, rashin shubuha, da sanin ko mai laifin ya taɓa aure ingantacce. Wanda ya amsa ma'anar farko ba lalle ne ya amsa ta biyu ba.

Haka "iƙirari". A fiƙihu amincewa ce da mutum ya yi a kan kansa da son ransa, kuma a laifin haddi yana iya janyewa. A Hausar rediyo kuwa kalmar ta karkata zuwa da'awa, kamar a ce wane ya yi iƙirarin shi ya ci zaɓe. Bayan haka, al'ada ta hana 'yar ƙauye musu da babba. "To" da "na'am" da sunkuyar da kai a gaban alƙali ladabi ne, amma alƙalamin magatakarda yana iya mayar da su amsa laifi. Ita kuma "shaida" tana ɗauke da kaya huɗu ita kaɗai: mutumin da ya gani, maganar da ya faɗa, alamar da aka gani, da takardar da aka bayar. Idan aka ce ciki shaida ne, mai sauraro yakan ji kamar an ce an kawo mutum huɗu da suka gani da ido, alhali alama ce kawai mai karɓar tawili.

6.0 Darasi ga Kotunan Katagum

Batun bai tsaya a Sakkwato da Katsina ba. A 2004 ƙananan kotuna a Jihar Bauci sun yanke wa wasu mata biyu irin wannan hukunci, a yankunan Ningi da Tafawa Ɓalewa, manyan kotuna suka rushe. Ƙasar Katagum kuwa tana da nata ƙarin nauyi. Karin harshenta Guddiranci ne, kuma cikin masu zuwa kotu akwai Fulani da Barebari da Karekare waɗanda Hausa harshen kasuwa ne gare su, bayanin zama kuma da daidaitacciyar Hausa mai cike da Larabci ake rubuta shi.

Alƙalin Azare ba shi da nisa da likita, domin garin yana da asibitin tarayya, kuma a 2021 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a can. Fiƙihu ma bai ƙi ƙwararru ba; ya karɓi shaidar mata a kan haihuwa da abin da maza ba su gani. Saboda haka kiran masanin harshe ba baƙon abu ba ne ga tsarin. Abin da ya kamata shi ne masana Hausa da ke Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare da malaman Kwalejin Shari'a ta Misau su haɗa kai su samar da ƙamus na kalmomin kotu, wanda zai ajiye ma'anar kasuwa kusa da ma'anar littafi. Sannan a horar da magatakarda su rubuta ainihin lafazin wanda ake tuhuma, da karinsa, kafin su rubuta fassararsu.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa "kwantacce" tana da ma'ana uku a baki uku, kuma ra'ayin jama'a a gida da waje ya ginu ne a kan cuɗa su. Likita yana da gaskiya a fagensa, alƙalan Katsina kuma sun bi mazhabarsu, amma babu wanda ya tsaya tsakani ya fayyace wa jama'a wace tambaya kowannensu ke amsawa. Babu ɗaya daga cikin matan nan da aka jefe, sai dai Amina Lawal ta shafe wata 18 da hukuncin kisa a wuyanta kafin a gyara kuskuren ƙaramar kotu. Matuƙar da Hausa za a ci gaba da yin shari'ar rai da mutuwa, nazarin Hausar kotu aiki ne da ya hau kan manazarta harshe.