Fim Ɗin Yaƙi Daban, Fim Ɗin Harbe-Harbe Daban

Mai karatu, in ka tambayi yawancin 'yan kallo su lissafa maka finafinan yaƙi, da Rambo da Commando za su fara. Ba su da laifi, da su aka yaye mu a gidajen kallo. To amma fim ɗin da mutum ɗaya zai shiga sansani ya karkashe bataliya guda, harsashinsa bai ƙare ba, ya fito da ɗan ƙwarzane a kafaɗa, wannan fim ɗin harbe-harbe ne. Ka ci gyaɗarka, ka yi wa jarumi tafi, ka tafi gida. Ka duba Commando na 1985: wa ya san sunan ko ɗaya daga cikin sojojin da Arnold ya zubar a tsibirin nan? An kawo su ne don su faɗi.

Fim ɗin yaƙi na gaske shi ne wanda mutuwa ke da nauyi a cikinsa. In an harbi mutum, sai ka ji a jikinka cewa ɗan wata ne ya faɗi. Da wannan mudun nake auna su, kuma finafinan da suka cika shi ba su da yawa.

Ɗauki Lion of the Desert, wanda a nan muka fi sani da "Umar Mukhtar". Mustapha Akkad, ɗan asalin Siriya wanda ya yi The Message a 1976, shi ne daraktansa, gwamnatin Gaddafi kuma ta zuba kuɗin. Anthony Quinn ya fito a matsayin tsohon malamin allon da ya shafe kusan shekara 20 yana gwabzawa da Italiya a Libiya, har suka kama shi suka rataye shi a Suluk ran 16 ga Satumba, 1931. Akwai tankoki da dawakai da fashe-fashe, amma ba su ne ke zama a rai ba. Abin da ke zama shi ne wurin da mayaƙan suka ɗaure ƙafafunsu da igiya don kada tsoro ya sa su gudu in tanka ta iso. Da wurin da aka kama wani matashin hafsan Italiya, mutanen Umar suka zabura za su kashe shi tunda haka Turawan ke yi musu, tsoho ya hana, ya nuna musu cewa ba daga maƙiyi ake koyon hali ba. Sai kuma tabarau ɗinsa da ya faɗi a gindin gungumen rataya, ƙaramin yaro ya ɗauka. Ba a yi wani dogon jawabi ba, amma ka gane yaƙin bai ƙare ba.

Fim ɗin yana da nasa rauni. Ya yi tsawo, ya doshi awa uku, kuma Rod Steiger a matsayin Musolini ihu ya fi yi fiye da wasa. Amma ya yi zafin da Italiya ta hana nuna shi a 1982, sai a 2009 aka haska shi a talbijin ɗin ƙasar, lokacin da Gaddafi ya kai ziyara Rum.

Yanzu ka ajiye shi kusa da Saving Private Ryan na Steven Spielberg, 1998. Mintoci ashirin da 'yan kai na farkonsa, saukar sojojin Amurka a gaɓar Omaha ta Nomandi ran 6 ga Yuni, 1944, sun canza yadda ake ɗaukar yaƙi a fim. Kyamara a hannu take, tana rawa, ruwa da jini suna fantsama a kan gilashinta, an rage hasken launi har hoton ya koma kamar tsohon labaran silima. Bam ya tashi kusa da Kyaftin Miller, wato Tom Hanks, sai sauti ya ɗauke, kai ma ka kurmance tare da shi, kana ganin wani soja yana dube-dube, ya sunkuya ya ɗauki hannunsa da ya guntule. Ba jarumi a wannan wurin. Wanda ya tsira sa'a ce kawai.

Abin mamaki, shi ma Miller malamin makaranta ne kafin yaƙi, kamar Umar Mukhtar, kuma shi ma an jarraba shi da fursuna. Yaransa sun kama Bajamushe bayan an kashe musu likita, suka so su harbe shi, Miller ya ɗaure masa ido ya sallame shi. Sai dai Spielberg bai bar mu mun ji daɗin wannan alherin ba: a ƙarshen fim mutumin nan ya dawo cikin rundunarsu, kuma shi ya harbi Miller. To, mai karatu, me za ka ce? Da ya kashe shi tun farko? Akkad ya ba ka amsa a sarari, Spielberg ya bar ka da ƙaiƙayi. Ni dai na fi ganin girman Umar, amma na fi jin tsoron tambayar Miller, don ita ce ke bin mutum har shimfiɗa.

Kuma kada ka manta da Upham, ɗan tafintan nan da ya sandare a kan matakala da harsasai a wuya yana kuka, ana soke abokinsa da wuƙa a ɗakin sama. 'Yan kallo sun tsane shi, har zagi yake sha. Wallahi da yawanmu masu zagin, in aka kai mu wurin, matakalar nan za mu zauna.

Inda nake da ja da Holiwud shi ne wajen rabon suna. Black Hawk Down na Ridley Scott, 2001, gwani ne wajen aiki: ƙura, ƙarar jirage, ruɗewar tituna, duk sun fito. Labarin faɗan Mogadishu ne na ranakun 3 da 4 ga Oktoba, 1993, inda sojojin Amurka 18 suka mutu a fafatawar, Somaliyawa kuwa ɗaruruwa. Kowane Ba'amurke yana da suna, da hoton iyali, da wasiƙar da ya rubuta gida. Somaliyawa fa? Taro ne kawai mai ihu yana kwararowa daga lungu, ana zubar da shi. A Maroko ma aka ɗauki fim ɗin. Ka ga ashe Commando ne ya sa kayan manya. Clint Eastwood ya fi shi adalci a 2006, da ya yi finafinai biyu kan yaƙi ɗaya: Flags of Our Fathers ta ɓangaren Amurkawa, Letters from Iwo Jima ta ɓangaren Japanawa, da harshensu.

In kana son ganin wanda ya fi kowa riƙe ma'auni, nemi The Battle of Algiers na Gillo Pontecorvo, 1966. Baƙi da fari ne, kusan duk 'yan wasan ba ƙwararru ba ne, har Saadi Yacef, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar Aljeriya, ya fito a ciki. Zuciyar fim ɗin tana tare da Aljeriyawa, ba ɓoye-ɓoye. Duk da haka, lokacin da mata uku suka yi shigar Turawa suka kai bama-bamai unguwar Faransawa, kafin bam ya tashi sai kyamara ta bi fuskokin mutanen da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, har da yaro yana lasar askirim. Ya nuna maka azabar da sojojin Faransa ke gana wa fursunoni, ya kuma hana ka murna da ramuwar. Sai a 1971 aka fara nuna shi a silimun Faransa, kuma a 2003 ma'aikatar tsaron Amurka ta haska wa jami'anta shi saboda halin da suka shiga a Iraƙi.

Masoya Indiya za su ce na manta da Border na J.P. Dutta, 1997, kan faɗan Longewala na 1971 tsakanin Indiya da Pakistan. Ban manta ba. Waƙar kewar gidan nan tana taɓa zuciya, amma da zarar Sunny Deol ya fara ruri, an koma gidan jiya.

Ku masu karatun littafi ma da rabonku a nan. All Quiet on the Western Front na Erich Maria Remarque ya fito a 1929, aka mai da shi fim a 1930, Jamusawa suka sake yi a 2022 har ya ci Oska huɗu. Kusa da mu kuma akwai Sarraounia na Abdoulaye Mamani, marubucin Nijar, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986: labarin Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, a lokacin da suke ƙone garuruwa a kan hanyarsu ta zuwa Tafkin Cadi. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. Abin da ya fi ci mini rai a fim ɗin shi ne yawancin masu riƙe da bindigogin Faransa baƙaƙen fata ne. Haka Camp de Thiaroye na Sembène Ousmane da Thierno Faty Sow, 1988, ya nuna sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙin Hitila, suka nemi haƙƙinsu, Faransa ta buɗe musu wuta a Senegal ran 1 ga Disamba, 1944.

Ga kuma yaƙin Bama. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yaƙi Japanawa a dazukan Arakan da kwarin Kaladan, kuma 'yan Arewa suna da yawa a cikinsu. Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, ya rubuta Burma Boy a 2007 kan wani yaro da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. Furodusoshinmu kan ce fim ɗin yaƙi sai mai tanka da jirgi, kuma gaskiya ne kuɗi yake ci. Amma tabarau ɗin Umar nawa aka saye shi? Matakalar Upham fa? Ɗan ƙauyen da bai taɓa ganin teku ba, aka loda shi a jirgin ruwa zuwa Indiya, ya dawo da lambar yabo da mafarkin da ya hana shi barci, ana kiransa mazan jiya: ɗaki ɗaya da tsoho ɗaya da jikansa mai tambaya sun isa a fara.