Gigabyte EP45-UD3P: Madabod Ɗin da Ya San Darajar Q6600

Wallahi duk mai Core 2 Quad Q6600 da bai taɓa ɗora ta a kan Gigabyte GA-EP45-UD3P ba, bai san abin da yake riƙe da shi ba! Intel ya fito da wannan furosesa mai ƙwayoyi huɗu a 2007 tana gudun 2.4GHz, amma ya hana lambar ninkinta wuce 9. Ke nan in kana son ƙara mata gudu, sai dai ka ɗaga FSB, wato gudun hanyar da ta haɗa furosesa da madabod wanda ake ninkawa da 9 ɗin, sama da 266. To a nan ake gane madabod na ƙwarai.

Ita Q6600 ƙwayoyi biyu-biyu ne aka haɗa wuri guda, kuma duk saƙon da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta cif ɗin madabod yake bi. Shi ya sa madabod mai rauni da an matsa masa sai kwamfuta ta sandare. Shi kuwa UD3P, da ya zo a 2008 ɗauke da cif ɗin P45, ko gezau! Sa FSB a 333, ga ka a 3.0GHz cikin ruwan sanyi. Kai shi 400, ga 3.6GHz, muddin furosesarka samfurin G0 ce kuma ka sa mata fanka ta kirki. Ƙarin rabin gudunta fa ke nan, kyauta!

Ka ɗaga madabod ɗin a hannu ma za ka ji nauyinsa. Oza biyu na jan ƙarfe aka shimfiɗa a cikinsa maimakon ɗaya da aka saba, don wuta ta bi salin-alin, zafi ya bazu. Shiga BIOS, ka buɗe sashen M.I.T., ka kunna Load-Line Calibration: lantarkin furosesa ba zai riƙa zubewa ba lokacin da ƙwayoyin huɗu suka ɗauki aiki gaba ɗaya. Kai, wannan wuri yana burge ni matuƙa!

Ga kuma DualBIOS. Mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, in BIOS ɗaya ya lalace ana cikin sabunta shi, na biyu ne zai farfaɗo da shi.

Gaskiya ne RAM na DDR2 madabod ɗin yake ci, kuma zamanin soket ɗinsa na LGA775 ya wuce. Amma ɗan'uwa, in ka ci karo da shi a gwanjo da lafiyarsa, kada ka tsaya dogon ciniki, ɗauke shi kawai!