Matar da Ke Kan Raƙumi a Fadar Bishop

A birnin Wurzburg na ƙasar Jamus, a bakin kogin Main, akwai wata fada mai ɗakuna fiye da 300. Bishop ne ya sa aka gina ta. Na san ta ta wurin wani babban littafin hotuna da ke ɗakin karatu na mishan ɗinmu, na kuwa yi shekaru ina buɗe shi, amma kullum shafi guda nake komawa, wato shafin zanen da ke bisa rufin matakala. A kan wannan zane nake so in yi magana da ku, 'yan'uwa, gama an zana nahiyarmu a ciki.

A zamanin da, bishop na Wurzburg shi ne kuma sarkin ƙasar. Yana karɓar haraji, yana da sojoji, yana yanke shari'a, daga cikin 'ya'yan manyan gidaje kuma akan zaɓe shi. A shekarar 1720 Bishop Johann Philipp Franz, ɗan gidan Schönborn, ya aza harsashin fadar. Ya ba da aikin ga Balthasar Neumann, saurayi wanda ya fara da sana'ar zubin ƙararrawa da igwa kafin ya zama magini. Bishop ɗin ya rasu a 1724, bai kwana a cikinta ko sau ɗaya ba, talakawa kuwa ba su yi kukansa sosai ba saboda nauyin haraji. Wanda ya gaje shi ya rage aikin ƙwarai. Sai da ɗan'uwan mamacin, Friedrich Carl, ya hau a 1729 aka ci gaba. An gama gangar ginin a 1744, adon ciki kuwa ya kai har wajen 1780.

Irin wannan gini Turawa suna ce masa barok. A Roma ya soma, wajen shekarar 1600, lokacin da Ikilisiyar Katolika take so majami'unta su ja zuciyar mutane bayan rabuwar da aka yi da Furotesta. Nufinsa shi ne mai shiga ya ɗaga kai, ya riƙe baki. Sarakuna da attajirai suka ga abin yana aiki, suka ɗauka suka kai gidajensu.

Neumann ya rufe ɗakin matakalar da rufi guda mai lanƙwasa, faɗinsa wajen mita 18, tsawonsa wajen mita 30, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga maginanmu suna ɗaura bakan gizo a soro da azara da laka zai gane abin da wannan awo yake nufi. A ƙarshen 1750 Bishop Carl Philipp von Greiffenclau ya kirawo mai zane Giovanni Battista Tiepolo daga birnin Venis na Italiya, tare da 'ya'yansa biyu, Domenico da Lorenzo. A 1752 da 1753 suka cika rufin nan da zane. A kan ɗanyen yaɓe suke shafa launi, domin ya shiga jikin bango ya bushe tare da shi, saboda haka kowace safiya gwargwadon abin da za su iya gamawa kafin yaɓen ya bushe ake yaɓa musu.

Ba zan ɓoye ba, zanen yana da kyau ƙwarai. Tsakiyar rufin sarari ne mai haske da gizagizai, allahn rana na Girkawan da yana fitowa, har mutum ya ga kamar an yaye rufin ɗungum. A gefuna huɗu aka jera nahiyoyi huɗu da aka sani a lokacin, kowacce a siffar mace. Amurka tana kan kada, da hular gashin tsuntsu, kusa da ita ga kawunan mutane da aka sare. Asiya tana kan giwa, can nesa da ita ga tudun Golgota da gicciye, ga kuma wani dutse mai rubutu. Afirka baƙar mace ce zaune a kan raƙumi, wani ya durƙusa gabanta da turare, kewaye da ita fatake da daurin kaya da hauren giwa, ga jimina da biri, ga wani tsoho mai wakiltar kogin Nilu.

Tiepolo bai wulakanta matar nan ba. Ya ba ta kwarjini, tana zaune kamar sarauniyar da ta san darajarta, kuma a ganina gefenta ya fi sauran rai da motsi. Da nan maganar ta tsaya, da na rufe littafin da murna.

Amma matakala ce, mai hawa kuma ba ya ganin kome gaba ɗaya. Da farko Amurka ce take gabansa. Sa'ad da ya kai tsakiya dole ya juya, Afirka da Asiya suna gefensa dama da hagu, sa'an nan Turai ta bayyana a gabansa a ƙarshe. Ita kaɗai ba a ɗora ta a kan dabba ba. Tana zaune a kan kursiyi, kewaye da mawaƙa da masu zane da masu sassaƙa, ana riƙe da hular bishop da sandarsa. Neumann ma yana nan da kayan soja, zaune a kan igwa, karensa kusa. A bisansu duka ana tashi da hoton Bishop Greiffenclau zuwa sama, ana busa masa ƙaho. Ashe ƙafar baƙo ake koya wa darasi: daga daji ka fito, ka bi ta kasuwa, ka iso wurin mai gida. An raba wa kowa rabonsa. Asiya ta sami rubutu da gicciye, Turai ta sami ilimi da ikilisiya, Afirka kuwa kaya kurum aka ba ta.

Wani zai ce mai zanen bai taɓa taka Afirka ba, al'adar masu zanen zamaninsa ya bi. Gaskiya ne. Amma a Jamus ɗin kanta, Anton Wilhelm Amo, mutumin Axim a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ya sami digirin dokta a jami'ar Wittenberg a 1734, ya koyar da falsafa a Halle da Jena. Muhammadu al-Katsinawi, malamin lissafi daga Katsina, ya yi rubuce-rubuce, ya rasu a Alkahira a 1741. Habasha tana da ikilisiya tun ƙarni na 4, sarakunanta kuma suna zaune a benayen dutse a Gondar. Ga bishop, wanda ya san labarin Habashen nan da Filibus ya yi wa baftisma, wannan mantuwa ta fi nauyi. Akwai kuma hajar da ta fi hauren giwa kawo kuɗi a shekarun nan, wato mutane, waɗanda jiragen Turawa suke kwasa dubbai kowace shekara daga gaɓar yammacin Afirka. Kasuwar Tiepolo tsaf take, ba a ga wannan ciniki a cikinta ba.

Sarautar bishop-bishop ɗin ba ta daɗe ba bayan haka. A 1803 aka raba su da mulkin ƙasa, daga 1814 kuma Wurzburg ta tabbata a hannun Bavariya. A daren 16 ga Maris 1945 jiragen Ingila suka yi wa birnin ruwan bama-bamai na wajen minti 20. Mutum kusan 5,000 suka mutu, tsohon gari ya ƙone kusan duka. Wuta ta ci katakon saman fadar, ɗakuna da yawa suka rushe, amma rufin Neumann na dutse bai faɗi ba. Abin da ya rage ya kashe zanen shi ne ruwan sama. Wani hafsan Amurka, John Skilton, ya nemo katako da takardar kwalta a garin da ba kome, ya sa aka yi rumfa a bisa rufin. A 1981 hukumar UNESCO ta sa fadar cikin kayan tarihin duniya, gyaran kuwa bai ƙare ba sai 1987, sa'ad da aka gama sake gina ɗakin madubai daga tsofaffin hotuna da ɗan guntun gilashin da ya tsira.