Taskokin Tarihi na Cocin Katolika: Tarke a kan Darajarsu ga Mai Nazarin Harshe da Tarihi

Manazarta tarihi da harsunan Nijeriya sun fi dogara da kundayen Larabci da na Ajami da rahotannin jami'an mulkin mallaka. Ba kasafai ake waiwayar takardun limaman Katolika ba. Manufar wannan maƙala ita ce auna darajarsu ta hanyar misalai biyu.

Na farko daga taskar Propaganda Fide yake, wato ofishin yaɗa addini da fadar Paparoma ta kafa a Roma a 1622. Daga takardunta ne Richard Gray ya fito da labarin limamai biyu 'yan ɗariƙar Faransiskan, a maƙalarsa ta 1967. Sun taso daga Tarabulus a 1710, suka ratso Fezzan da Agadas, suka rasu a Katsina a 1711. Abin da ya taso da su shi ne jita-jitar cewa akwai Kiristoci a Kwararrafa. A nan ya wajaba mai nazari ya yi hattara. Hanyar da suka bi da shekarun tafiyar hujja ce mai ƙarfi a kan zirga-zirgar ayari tsakanin Katsina da Arewacin Afirka. Batun Kiristocin Kwararrafa kuwa ji-ta-ji-ta ne da aka tsinta a Tarabulus, ba ganau ya faɗa ba.

Misali na biyu ya shafi harshe kai tsaye. Ƙungiyar SMA ta buɗe mishan a Shendam a 1907. Wani limaminta, Eugène Sirlinger, ya rubuta ƙamus na harshen Goemai, wanda Hausawa ke kira Ankwai, a 1937, sannan nahawunsa a 1942. Birgit Hellwig ta amfana da su a nahawunta na 2011. Ganin yadda Hausa ke mamaye Goemai a bakin matasa, waɗannan rubuce-rubuce sun zama ma'aunin gane abin da ya sauya a harshen.

Sai dai limaman nan shugabanninsu suke rubuta wa, kuma yaɗa addini ne burinsu. Saboda haka muryar mutanen gari ba ta cika fitowa ba. Ya kamata a riƙa gwama takardun da tarihin baka da kundayen gida. Haka kuma ya dace sassan harsunan jami'o'inmu su nemi kwafinsu daga Roma, domin ɗalibin da ba shi da halin tafiya Turai ya samu abin dubawa.