Jinjina ga Ma'aikatan Ƙananan Asibitocin Jibiya

A Jibiya, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar a kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, kuma yaran da suka ga kisa ko suka kwana a daji sukan dawo da firgita, wato razanar da ke zaunewa a zuciya har ta hana barci, ta kawo fitsarin kwance ko ɗaukewar magana. Iyaye kan fara neman addu'a wurin malamai, amma ma'aikacin lafiya na matakin farko ne ke zama da uwa cikin haƙuri, ya tambaye ta yaushe yaron ya sauya, ya bambance firgita da farfaɗiya ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba tare da ya kira ɗanta mahaukaci ba. Wannan ladabi shi ya fi cancantar yabo, domin kunyar wannan suna ce ke sa a ɓoye yaro a ɗaka. Idan lamarin ya fi ƙarfinsa, yakan rubuta takardar turawa zuwa Babban Asibitin Jibiya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda likitoci suke.