Tarihin Kano a Kan Sikeli: Me Littafi Ya Ce, Me Ƙasa Ta Ce?

Tsayar da ɗan makaranta a Unguwar Gano ko Gyadi-Gyadi ka tambaye shi yaushe aka kafa Kano. Da wuya ya yi jinkiri: shekarar 999, zamanin Bagauda. Haka ake rubutawa a Facebook, haka ake faɗa a wajen hira. To amma kai mai karatu, ka taɓa tambayar daga ina wannan lamba ta fito?

Ta fito ne daga littafin Larabci da aka fi sani da Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci ya buga a 1908. Littafin ya jero sarakuna da tsawon mulkin kowannensu, tun daga Bagauda har Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19. Ita 999 ɗin lissafi ne aka yi da baya da baya, ana ɗebe shekarun kowane sarki. Ka ga kuwa in an tsallake sarki ɗaya, ko an ƙara wa wani shekara goma, lissafin duk ya goce. Masana ma sun saɓa kan lokacin rubuta shi: Murray Last ya ce an tattara mafi yawansa a ƙarni na 17, John Hunwick ya ce aikin ƙarshen ƙarni na 19 ne. Duk wanda ka bi, akwai ɗaruruwan shekaru tsakanin Bagauda da mai alƙalamin.

Shi ke nan sai a jefar da littafin? A'a. Mutanen arewacin Turai sun sha fama da irin wannan matsala, kuma yadda suka warware ta abin dubawa ne.

Kakanninsu, matuƙa jiragen ruwan nan da ake kira Vikings, sun bar labaran baka da aka rubuta a Aisland wajen ƙarni na 13. Biyu daga ciki sun ce sun taka wata ƙasa can yamma da teku, amma sun saɓa wa juna kan wanda ya fara ganinta da yawan tafiye-tafiyen da aka yi. An daɗe ana jayayya, har 1960, lokacin da Helge Ingstad da matarsa Anne Stine, masaniyar tonon kufai, suka bi sawun labarin zuwa L'Anse aux Meadows a Kanada. Tonon da suka yi ya fito da kufan gine-gine takwas, ƙusoshin ƙarfe, maƙera, da gululun mazari, alamar cewa har da masu kaɗi a tafiyar. A 2021 aka auna itacen da aka sare da ƙarfe a wurin. Wata guguwar rana ta 993 ta bar tambari a zobban cikin itatuwa, sai aka ƙirga daga zoben nan zuwa ɓawo, aka samu 1021. Ƙasa ta gaskata ƙashin bayan labarin, ta kuma gyara masa zama. Ko hular ƙarfe mai ƙaho da kake gani a zane, ba a tono irinta daga zamaninsu ba. Wadda aka samu a Gjermundbu ta ƙasar Norwe a 1943 ba ta da ƙaho.

Yanzu mu dawo gida mu ɗora namu littafin a kan wannan sikeli.

A gindin Dutsen Dala an samu ragowar murhun narkar da tama. Aka yi masa gwajin kabon-14, wato auna wani nau'in sinadari da ke raguwa da rabi a duk shekara 5,730 bayan itace ko dabba ta mutu. Sakamakon ya nuna wajen ƙarni na 7. Ma'ana, kimanin shekara ɗari uku kafin Bagauda, ana hura wuta ana fitar da ƙarfe a Dala. A nan littafin ya ci maki, domin shi da kansa ya ce Bagauda ya tarar da mutane, jama'ar Barbushe. Ya kuma faɗi a wani wajen, domin ya fi kula da sarauta da tsafin Tsumburbura fiye da sana'ar da ta riƙe wurin. Littafin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Maƙeri da masaƙi da mai kaɗi ba su samu fili sosai ba.

Misali na biyu yana Durɓi Takusheyi, a ƙaramar hukumar Mani ta Jihar Katsina. Tarihin baka ya ce tuddan wurin kaburburan sarakunan farko ne. Palmer ya tona a 1907, aka sake tona uku a 1992, aka gyara kayan a birnin Mainz na Jamus. An samu wuri, duwatsun wuya na gilashi, awarwaron hauren giwa, kayan ado na zinariya, da tasar tagulla da ta fito daga Gabas ta Tsakiya, kuma kaburburan sun faɗo tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wuri daga Tekun Indiya yake zuwa. Kamar yadda tarin azurfar Spillings da aka gano a Suwidin a 1999, mai tsabar kuɗi sama da 14,000, galibi dirhamin ƙasashen Musulmi, ya nuna nisan fataucin Vikings, haka waɗannan kaya suka nuna ƙasar Hausa na cikin kasuwar duniya. Wannan ya ƙarfafa abin da Tarihin Kano ya faɗa game da zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, da buɗewar hanyoyin fatauci bayansa.

Ita ma ƙasa tana da iyakarta fa. Gawayi ba ya faɗin sunan maƙeri ko harshen da yake yi, kuma kabon-14 tazarar shekaru yake bayarwa, ba rana da wata ba. Saboda haka ka karanta Tarihin Kano a matsayin shaida guda a gaban alƙali: a saurare shi da girmamawa, sannan a kira sauran shaidu.

Damuwar ita ce sauran shaidun suna ɓacewa. Littafin ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, kuma cikin ganuwar ne za a iya gwada wannan magana. Amma in ka taso daga Gyadi-Gyadi ka bi ta Ƙofar Ɗan Agundi, dubi abin da ya rage: an ɗebi ƙasa, an yi gini, ruwa ya zaizaye saura. Littafi ana sake buga shi, amma shimfiɗar ƙasa in an birkita ta, ta tafi ke nan. Dutsen wuya da aka cire daga inda ya kwanta ya zama abin ado kawai, ya daina ba da labari.

Don haka in ana haƙa harsashin gini a unguwarku aka ci karo da tsingaro mai yawa, ko kashin tama, ko tsofaffin duwatsun wuya, kada a watsar, kada a sayar. A ɗauki hoto kafin a taɓa, a sanar da gidan tarihi na Gidan Makama. Wataƙila shafin da marubucin Tarihin Kano bai rubuta ba ke nan.